Wasiƙa zuwa ga masu duba tsiron babban hanji



Ba don adinoma na ɗauki alƙalami ba, kowa ya san ta. Tun 1990 Fearon da Vogelstein suka shimfiɗa hanyarta: APC ya fara lalacewa, KRAS ya biyo baya, TP53 ya ƙarasa, tsiro ya rikiɗe sankara. Ku dai faɗi girmanta, da yawan ɓangaren mai kama da yatsu, da tsananin gurɓatar ƙwayoyinta.

Abin da ke damuna shi ne tsiron nan mai haƙoran zarto. An daɗe ana yi masa kuɗin goro, a rubuta haifaplastik, a sallami mutum. To, a cikin irinsa akwai SSL, shimfiɗaɗɗe, koɗaɗɗe, lulluɓe da majina, wanda ya fi zama a hanjin dama. Hanyarsa daban ce: BRAF ke fara sauyawa, daga baya MLH1 ya mutu murus, gyaran kurakuran DNA ya tsaya, kuma daga nan abin ba ya jira.

Don Allah ku duba gindin ramuka. A saman gilashi duk kamanninsu ɗaya, a ƙasa ake rabuwa. Ramin haifaplastik yana tsukewa har ƙasa. Na SSL kuwa yana buɗewa, ya kwanta a kan siririyar tsokar da ke ƙarƙashinsa, ya yi siffar L ko T a kife, haƙoran kuma su gangara har gindi. Rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce rami ɗaya tak da ya karkace haka, ba tantama, ya isa. Idan an yanka naman a gicciye, gindin bai fito ba, ku mayar a ƙara yanka. Na san aiki ya yi yawa, amma wannan ba wurin sauri ba ne.

A ƙa'idar Amurka ta 2020, ƙaramin haifaplastik na nufin a sake leƙa hanji bayan shekara 10. SSL da ya kai milimita 10, bayan shekara 3. Kalmar da kuka rubuta ita za ta sa wa mutum ranar dawowa.

Mu da ke aiki inda tsargiya take, sai mu ƙara da neman ƙwai a cikin naman, domin tsutsar tsargiyar hanji ma tana haddasa tsiro, kuma maganinsa daban. Idan takardar da ta rako kwalbar ba ta faɗi inda aka cire tsiron ba, ku kira likitan ku tambaye shi kafin ku sa hannu.

Naku,
abokin aikinku