Ɗalibanmu Da Wa'adin Intanet: A Koya Musu Tanadi

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, harkar karatun matasanmu ta koma kan intanet. A 2017 hukumar ta ƙara da tsarin CAPS, inda tilas ɗalibi ya shiga shafin da kansa ya karɓi gurbin da aka ba shi. Haka ma sakamakon WAEC da NECO, a intanet ake duba shi. Manyan makarantu kuma sun bi sahu wajen rajista da biyan kuɗi da fitar da maki, wasu malaman har aikin gida ta nan suke karɓa.

Wannan al'amari ya shafi masarautar Daura kai tsaye, domin a 2019 garin ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma a watan Disambar wannan shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Yaran Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure sun samu makarantu a kusa da gida. Sai dai samun gurbi daban, iya riƙe shi daban.

Shafin makaranta yana faɗin ranar rufe rajista, amma ba ya gaya wa yaro ranar da ya kamata ya fara shiri. Shi ya sa ake ganin cincirindo a shagunan intanet ranar ƙarshe, ga rashin wuta, ga layin sadarwa na yankewa. Wanda aka rufe bai shiga ba, ya biya tara ko ya yi asarar zango, iyaye su ɗauki nauyin.

Hausa ta bambanta shiri da tsari da tanadi. Shiri na abin da ya ƙarato ne, tsari jera ayyuka ne bi da bi, tanadi kuwa ajiya ce domin ranar da ba ta zo ba. Dukkansu ukun ba baƙi ba ne a Daura. Labarin rijiyar Kusugu ya nuna mutanen da ba sa ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, don haka kowane gida sai ya auna abin da zai kai shi mako. Almajirin tsangaya ma ya san lokacin rubutu da na tilawa da na wanke allo, ba tare da agogo ba.

Saboda haka muna kira ga makarantun sakandaren masarautar da su ware ɗan lokaci kowace Litinin, malami ya zauna da ɗalibai su rubuta ayyukan mako a littafi, a rarraba babban aiki zuwa ƙanana, kowanne da ranarsa. Manyan makarantu su manna jadawalin zango a allon sanarwa tun makon farko, su kuma koyar da tsara lokaci a taron maraba da sababbin ɗalibai. Iyaye kuma su daina duba wa yaro shafinsa kullum. Su zauna da shi sau ɗaya a mako, shi ya buɗe, shi ya faɗi abin da ya rage masa da ranar da zai gama.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai iya tsara makonsa a aji huɗu na sakandare ba, da wuya ya iya tsara zangon karatu a jami'a.