Mu Rubuta wa Itatuwan Makarantunmu Suna

A hutun da ya wuce biki ya kai ni Akra, wurin dangin mahaifiyata da ke unguwar Madina. Bayan an watse, wani ƙanena ya ce ba zan koma gida ba sai na ga Aburi. Iyakar sanina da garin shi ne a can Gowon da Ojukwu suka yi zama a Janairun 1967, kafin yaƙin basasa. Mota ta yi ta hawa tsaunin Akwapim da mu, zafin birni yana raguwa, har muka sauka cikin wata iska mai sanyi irin ta Jos.

Wannan sanyin ne ya kawo Turawan mulkin mallaka. A 1875 suka gina gidan jinya a wurin domin jami'ansu da zazzaɓin bakin teku ya galabaitar, a 1890 kuma aka buɗe lambun tsirrai, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Ingila ya riƙe shi. Wanda ya bi ta tsakanin dogayen itatuwan da aka jera sahu biyu a mashiga zai zaci don shaƙatawa kawai aka yi shi. Asalinsa kuwa gonar gwaji ce. Nan aka riƙa renon dashen koko ana raba wa manoma, bayan Tetteh Quarshie ya kawo irin daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, kusa da nan. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gana ta wancan zamani fitar da koko a duniya. Masana'antun Turai aka yi wa wannan hidima, kuma bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibansa haka ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na tarar da 'yan firamare cikin kayan makaranta, kowa da littafinsa, mai yi musu jagora yana murza ganyen kirfa yana miƙa musu su sansana. Jikin itatuwa da yawa akwai ɗan allo mai ɗauke da suna. Wata yarinya ta tsaya gindin wani ƙaton rimi tana kwafar sunansa na Latin harafi bayan harafi, harshe a waje don ƙoƙari. Na ji kunya, domin shekara goma sha takwas ina zana saiwa da ganye da alli, alhali darbejiya tana tsaye a bakin tagar ajina, ban taɓa fita da yaran gindinta ba.

Da na dawo na gwada 'yan aji biyar. Mangwaro da darbejiya kowa ya sani. Da na ambaci kaɗanya da ɗorawa da marke sai aji ya yi tsit, ga shi kuwa kullum suna shan miyar daddawa.

Na san abin da za a ce: babu kuɗin mota, aji ya cika maƙil, iyaye kuma na ɗari-ɗari da tafiya saboda halin tsaro. Duk gaskiya ne, ni ma ba zan kwashi yaran mutane in hau hanya da su a yau ba. To amma abin da ya mayar da Aburi makaranta bai wuce itace da suna da mai bayani ba, kuma babu ɗaya a cikin ukun da ya fi ƙarfinmu. Gwangwanin fenti ɗaya da guntayen katako sun isa a rubuta sunan kowace bishiya da ke harabar makaranta, da Hausa da Turanci. Inda babu bishiya, kowane aji ya dasa tsamiya ko zogale da damina, ya ɗauki nauyin ban ruwa. Mai gadinmu, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya fi ni sanin amfanin sabara da kalgo nesa ba kusa ba, kuma a shirye yake ya yi bayani idan aka girmama shi aka tambaya.

Akwai wata riba kuma. Filin makarantar da aka bari fayau shi ne masu gina shaguna ke fara sa wa ido, mun kuwa ga yadda ake yankar filaye a unguwanninmu. Filin da yara suka dasa, iyaye suka san da shi, ya fi wuyar taɓawa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su sa wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, kusa da maganar ƙarin girma da bashin albashi, a nemi makarantu biyar da za su fara kafin saukar ruwan bana. Tawa na ciki, kuma hedimasta ya riga ya ba mu gefen rijiya.