Jibiya: Turancin ƙwallon ƙafa da siyasar rufe iyaka

A gidajen kallon ƙwallo na Jibiya da Magama, wasan Firimiyar Ingila da sharhin Turanci yake zuwa. A tsallaken iyaka, Ɗan Isa da Maraɗi, wasan ɗaya ne, amma da Faransanci ake jin sa. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne Hausar da ake tafka musu da ita bayan an tashi.

Dokokin wasa ba su ne matsalar ba, domin Hausa ta daɗe da raɗa musu suna: satar gida, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Inda gizo ke saƙar shi ne karin maganar Turawa. Idan rahoto ya ce ƙungiya ta yi “park the bus”, babu wata mota a fili. 'Yan wasa ne suka koma gida suka tare bakin raga. José Mourinho ne ya yaɗa furucin a Ingila a 2004, bayan Chelsea ta yi canjaras babu ci da Tottenham, kuma daga karin maganar ƙasarsu Fotugal ya aro shi. “Clean sheet” kuwa ba zanin gado ba ne, an tashi ke nan ba a zura wa gola ƙwallo ko ɗaya ba.

Da abin ya tsaya a fili, da da sauƙi. Amma masu sharhin siyasa a jaridun Turanci sukan ari waɗannan kalmomi, har matashin da bai laƙance su ba ya karanta hukunci bai san an yanke ba. “Own goal”, wato cin gida, na nufin matakin da ya fi cutar da wanda ya ɗauke shi. Bajibiye ba ya buƙatar ƙamus a nan. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake garƙame ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Yamai aka nufa da takunkumin, amma direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwar Jibiya na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsa. A ganina, ƙwallon a ragarmu ta faɗa.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. A wannan gefen kuwa, sanarwar rufe iyaka da ta buɗe ta da Turanci suke fita daga Abuja, sai gidajen rediyo su fassara wa waɗanda abin ya shafa.