Sheƙin Sanda Ba Ya Riƙe Mota

'Yan'uwa, mun iya yabon motocin gayu da ake haɗawa a Amurka, amma idonmu a sama yake tsayawa. Sandar giyar B&M ko Lokar na sheƙi a tsakiyar mota, mun manta da kebul ɗin da ya haɗa ta da giyabos. In ya kwanta jikin salansa, zafi ya cinye shi. In robar bakinsa ta lalace, sanda ta nuna P alhali giya ba ta shiga ba, mota ta gangara kan mutane. Saboda 'yar robar nan Ford ta yi wa motoci kusan miliyan 2.9 kiranye a 2022. Kamfani ma ke nan, balle mai ɗaurin waya! Mu leƙa ƙasa kafin mu yabi fenti.