Ɗan kan iyaka: kada a ɓoye masa ɓangare ɗaya na asalinsa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ke damun iyaye a nan Kusa da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, tun bayan da Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Tambayar da ake yi a majalisa da wajen suna ita ce: yaron da ubansa mutumin Madarunfa ne ko Ɗan Isa a Nijar, uwarsa kuma 'yar Jibiya, takardun wace ƙasa za a yi masa?

A da ba wanda ya damu da wannan, tunda tambarin ƙungiya ɗaya ne a jikin fasfon ƙasashen biyu. Yanzu ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso ya fito da nasa fasfon. Gaskiya ne ECOWAS ta ce mutanen ƙasashen uku su ci gaba da shige da fice babu biza kafin a tsayar da sabon tsari. To amma mu da muka ga an rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 har Afrilun 2022, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ba ma dogara da alkawarin wucin gadi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, irin wannan yaro doka ba ta tilasta masa zaɓi ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar nan, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne na haihuwa. Bai ce sai uba ba. Uwa ta isa, kaka ma ta isa. In kuma a Maraɗi aka haife shi, ɗaya daga cikin iyaye ya wadatar. Sashe na 28 kuwa bai hana ɗan ƙasa na haihuwa riƙe wata ƙasar ba. A can Nijar ma, dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 an yi mata gyara a 1999 don uwa ta iya gadar wa ɗanta ƙasarta, sannan a 2014 aka halatta riƙe ƙasa biyu. Wato yaron nan halak malak ɗan ƙasashen biyu ne.

To me ya sa ake ɓoyewa? Na sha ganin an je neman takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, sai a sa sunan kawu a madadin uba, ko a ce uban haifaffen wani ƙauye ne na nan kusa alhali kowa ya san garinsu. Tsoron yana da tushe. Dattawa ba su manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, wanda gwamnatin Shagari ta ɗauka ta tsallakar da shi Chadi a Janairun 1980 bisa zargin ubansa ba ɗan ƙasa ba ne. Sai dai ana mantawa da ƙarshen labarin: kotu ta ba shi gaskiya, ya dawo gida. Abin da ya cece shi kuwa asalinsa ne na gaskiya da aka iya tabbatarwa. Wanda aka gina takardunsa bisa sunan aro fa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da zai nemi aikin soja, ko ya fito takarar kansila, ko rabon gado ya taso a dangin uba, ranar ce maƙiyi zai tono, kuma yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai kwana ciki.

Ni abin ma da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke jin kunyar abin da tarihi bai ɓoye ba. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarnin da ya wuce, ba su tambayi kowa ba.

Akwai dai inda maganar ke da wuya, kuma nan nake so masu karatu su natsu. In uwa da uba da kakanni duk 'yan Nijar ne, haihuwar yaro a Jibiya kaɗai ba ta mayar da shi ɗan Najeriya. Mutane na ɗauka kamar Amurka ne, inda wurin haihuwa ke ba da ƙasa. A nan jini ake bi. Ko da a nan aka yanke cibiyarsa, nan ya yi makarantar allo da ta boko, bai taɓa kwana a Maraɗi ba, a idon doka baƙo ne, sai in ya girma ya nemi a ba shi ƙasa bisa sashe na 27, wanda ke buƙatar zaman shekara 15 da sa hannun shugaban ƙasa. Talakan ƙauye nawa ne zai iya bin wannan hanya har Abuja? Lambar NIN ma ba hujja ba ce, don baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi. Haɗarin shi ne iyayen su yi sakaci da takardun Nijar saboda sun ɗauka yaron ya zama na nan, ya tashi babu tsuntsu babu tarko. Irin wannan yaro tun yana goye ya kamata a yi masa rajista a ƙasar iyayensa.

Haka abin yake in an juya. Tun 2019 dubban mutanenmu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka gudu jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, kuma an yi haihuwa a can. Waɗannan yara 'yan Najeriya ne bisa doka, amma ranar da suka dawo, da me za su nuna?

Shawarata ga iyaye, kada a fara da maganar fasfo. Tun Satumbar 2025 ƙaramin fasfon Najeriya naira 100,000 ne, kuma jariri ba ya buƙatarsa don zuwa gaida kaka a Maraɗi. Tushen komai takardar haihuwa ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ɗauke da sunan uba na gaskiya da garinsu na gaskiya. Sannan uban ya tsallaka ya bi kadin takardun ɗansa a can. In yaro ya mallaki hankalinsa, shi zai duba ko jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai nufa ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, ya ɗauki fasfon da ya dace da tafiyarsa.

Ga hukumomi kuma ina da roƙo. Hukumar ƙidaya ta riƙa turo ma'aikatan rajistar haihuwa ƙauyukan kan iyaka, ko da a ranakun rigakafi ne, tunda mata da yawa a gida suke haihuwa. Hukumar shige da fice ta yi bayani da Hausa a rediyo cewa auren ɗan Nijar bai cire 'ya'yan mace daga ƙasarta ba. 'Yan majalisarmu na tarayya kuwa su sake duba sashe na 26, wanda ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma ya hana baƙon da ya auri 'yar Najeriya. An kawo ƙudurin gyara shi a Maris na 2022, majalisa ta yi watsi da shi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa, ta Jibiya zai bi, kuma auratayya ƙaruwa za ta yi. Muna so wakilinmu ya sake gabatar da wannan ƙuduri.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kusa,
Ƙaramar hukumar Jibiya, jihar Katsina.