Wa'adi Kafin Sauraro

Duk wanda ya lura da yadda husuma ke girma, ko tsakanin 'yan'uwa a kan rabon gado ko tsakanin shugabanni a kan mulki, zai tarar cewa wutar takan kama ne a sa'ad da aka tsare mutum a bainar jama'a aka ce masa ya janye ko ya gani, alhali kuwa janyewa a irin wannan hali zubar da mutunci ne a idon mabiyansa, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin bayin Allah ke iya haɗiye wannan.

Mu mutanen Minna hujjarmu tana kusa. Bayan da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga watan, ta yanka wa'adin kwana bakwai a mayar da shi kan mulki, aka rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki, har ana ambaton yaƙi. Sai bayan duk wannan aka aiki ɗan garinmu, Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, su je Yamai neman sulhu. Dattawa masu wannan daraja suka dawo ba su ga jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba. Sai da ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihu Bala Lau suka je suka zauna suka saurare shi, ya bayyana musu takaicinsa na cewa an yanke musu hukunci ba a ji ta bakinsu ba, kana ƙofa ta buɗe, Abdulsalami ya koma ranar 19 ga Agusta ya gana da Tchiani, ya kuma ga Bazoum.

Ni ban yarda da juyin mulki ba, kuma tsare Bazoum zalunci ne. Amma mai gaskiya ma yana da wajibin bin tartibi, domin alƙalin shari'a ba ya zartar da hukunci sai ya ji mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma mai unguwar da ya san aikinsa, a Bosso ko a Kpakungu, yakan kira kowane ɓangare shi kaɗai cikin zaure bayan sallar isha, ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, kafin ya haɗa su fuska da fuska.

A Abuja an sa wa'adi a gaba, sauraro a baya. Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar a watan Janairun 2024, aka ɗage takunkumin a Fabrairu ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba, talakawan Illela da Birnin Ƙonni da Jibiya da Maraɗi kuwa su suka ɗanɗana kuɗarsu wata da watanni.