Kafin a sayar wa 'yan gwangwani: tsohuwar a-kori-kura tana buƙatar haƙuri, ba bidiyon TikTok ba

A bayan gidaje da dama a Yelwa da Shanga da Wara akwai motocin a-kori-kura da suka shekara a ajiye, tayoyi sun sace, kaji sun mai da bayansu wurin kwana. Wasu Peugeot 404 ne ko 504, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da su. Wasu kuma tsofaffin Toyota Hilux ne. Wata mai ita ne ya rasu magada suka kasa daidaitawa, wata kuma tsadar mai ce ta zaunar da ita tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023.

Alhali aikin da aka yi su dominsa yana nan. Albasa da shinkafa da bandararren kifi na bakin tafkin Kainji ba sa kai kansu kasuwa, kuma babur ba zai ɗauki buhu goma zuwa Kontagora ko Koko ba. Sabuwar mota kuwa ta fi ƙarfin matashin da yake neman abin yi. Don haka tayar da tsohuwa dabara ce mai kyau, da tsohuwar zuma ake magani. Matsalar ita ce inda matasa suke koyon yadda ake yi.

YouTube da TikTok cike suke da bidiyon Turawa da suke samun motar da ta yi shekara ashirin a rumbu, su ɗora sabon batir, su tsiyaya fetur a kafireta, su murza makulli, injin ya kama, a yi shewa. A nan bidiyon yake ƙarewa. Ba ya nuna abin da ya sami injin bayan mako guda. Motar da ta daɗe a tsaye bakin manta ya gangare ƙasa, ƙarfe ya bushe, wani lokaci zoben fistan ya manne da tsatsa, musamman a wuri mai laima kamar bakin ruwa. Wanda ya tayar da ita a haka yana goga ƙarfe da ƙarfe ne, kuma minti biyu sun isa su lalata abin da shekaru suka bari lafiya. Tsiyaya fetur a kafireta ana murza makulli kuwa hanya ce ta kama gobara.

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: in abu ya ƙi aiki, ba a canza abu biyar lokaci guda. A gwada ɗaya, a ga sakamako, a rubuta, sannan a wuce. Haka ya kamata a bi da tsohuwar mota.

A fara da ido. Ɓeraye suna cin wayoyin wuta, zanzaro yana gina gida a salansa da hanyar iska, tiyo da fanbel suna tsattsagewa. Sai a zubar da tsohon bakin mai, a canza matatarsa. A kwance filogi, a ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana a hannu. In ya juya, akwai fata. In ya ƙi, aikin bakanike ne, ba na ƙarfin tuwo ba.

Fetur ma yana lalacewa. Bayan watanni sai ya zama danƙo ya toshe kafireta, don haka dole a juye tanki a wanke. Mai amfani da gas kuma ruwa ne yake taruwa a tankinta, sannan sai an fitar da iskar da ta shiga layin mai. Batir yana da gwaji mai sauƙi da ƙaramar mita irin ta masu gyaran waya: cikakke yana nuna kusan 12.6, in injin yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar cewa yana caji. A duba lagireto kada ya zama yana yoyo.

Abin da bidiyo ba ya nunawa sam shi ne birki da taya, kuma su ne suke kashe mutane. Man birki yana shan danshi, robobinsa suna bushewa, sai feda ta nutse a lokacin da ake matuƙar buƙatarta. Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In an ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Ko zanenta bai ci ba, robar ta tsufa. A-kori-kura a ranar kasuwa ba buhuna kaɗai take ɗauka ba, har da mata da yara a saman kaya. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a injin ya bar birki, ya tayar da mota ne don ta kai wasu asibiti.

To ina amfanin waya a nan? Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa mota, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin su Torque ta karanto matsalar injin. Amma sai motar da take da ramin OBD2, wanda Amurka ta wajabta daga 1996. Tsohuwar Peugeot ba ta da kwamfuta balle rami, sayen na'urar dominta asarar kuɗi ce. Ainihin amfanin waya ya fi haka sauƙi: a ɗauki hoton kowace waya da kowane noti kafin a kwance, a tura hoton kayan gyara ta WhatsApp ga masu sayarwa a Kaduna ko Sakkwato kafin a biya kuɗin mota, a naɗi ƙarar injin a tura wa gogaggen bakanike, a rubuta kowace naira da aka kashe.

Wannan rubutun na ƙarshe shi ne zai amsa masu cewa tsohuwar mota rijiyar kuɗi ce, kuma wani lokaci gaskiyarsu ne. Tana shan mai fiye da sabuwa. In tsatsa ta cinye ƙashin bayanta, ko injin ya fashe, gara a sayar. Amma lissafi ne ya kamata ya yanke hukunci: kuɗin gyara da taya da sabunta takardu da inshora a gefe guda, abin da za ta shigo da shi a ranakun kasuwa a ɗaya gefen. In gadon gida ce, a sami yardar magada a rubuce kafin a taɓa noti ko ɗaya.

A Amurka manoma sun yi shekaru suna ja da kamfanin John Deere saboda manhajar taraktocinsa tana hana su gyara abin da suka saya da kuɗinsu. Matashin Yauri yana da abin da suke nema a bayan gidansu: motar da ba ta da kalmar sirri, wadda sifana da mita da tsohon bakaniken unguwa za su iya buɗe ta. Tsohon nan ya san ta da kunne. Matashin ya je da wayarsa ya zauna kusa da shi, kafin ilimin ya bi motocin zuwa wurin 'yan gwangwani.